Dattin da Ke Tsayar da Keken Ɗinki a Gidajenmu

(Jawabin da aka gabatar a taron shekara-shekara na ƙungiya, ranar yaye ɗaliban ajin ɗinki)



Ranar da sakatare ya kawo mini takardar gayyata na tambaye shi a kan me ake so in yi magana. Sai ya yi murmushi ya ce a kan duk abin da na ga dama, tunda kowa ya san abin da tsohon hedimasta zai faɗa: ilimi, da tarbiyya, da lalacewar zamani. Na ce masa to bana za a sha mamaki, domin a kan datti zan yi jawabi, dattin ma wanda bai cika tafin hannu ba. Ina nufin burbushin zare da gashin yadi da ke taruwa a cikin keken ɗinki. Na san akwai masu cewa a ransu tsufa ya fara taɓa Malam. Ina roƙonsu su yi mini haƙuri har in kai ƙarshe.

Dalilin da ya sa na zaɓi wannan magana shi ne abin da idona ya gani bayan ƙaramar Sallar da ta wuce. An sa ni cikin waɗanda suka zaga gidaje don su ga halin da kekunan da aka raba wa ɗaliban baya suke ciki. Mun sami waɗanda ke aiki, mun kuwa yi murna. Amma mun sami wasu da dama a jingine. Wani an ɗora masa jeren kwanuka ya zama tebur, wani an cire kansa an tura ƙarƙashin gado. Duk wadda muka tambaya amsa ɗaya ce: keken ya lalace. Wata baiwar Allah mai marayu huɗu ta gaya mana cewa nata ya tsaya ana saura kwana goma Sallah, da kayan mutane jibge a ɗakinta. Ta mayar wa kowa da yadinsa, har da kuɗin da ta riga ta karɓa ta kashe, sai da ta ranto ta biya. Da muka je, ta riga ta yi magana da masu sayen tsofaffin ƙarafa, sun yi wa kan keken kuɗin da bai kai na tiyar shinkafa biyu ba.

Akwai tela ɗaya a cikinmu. Ya roƙi a ba shi tabarma da tsumma, ya zauna ya kwance noti biyu, ya ɗaga farantin da allura ke ratsawa. Abin da ya zaro daga tsakanin haƙoran keken ya yi kama da guntun bargo, ya daskare har ana iya ɗaga shi da yatsu biyu bai wargaje ba. Ya share ƙoshiya, ya ɗiga mai, ya mayar da komai. Kafin a kawo mana ruwan sha keken na ɗinki. Matar nan ta yi shiru tana kallonsa, mu ma muka rasa abin cewa. A cikin kekunan da muka tarar a jingine ranar, ɗaya ne kawai ke da ƙarfen da ya karye da gaske. Sauran duk wannan ciwon ne.

Kafin in zargi kowa, bari in fara da kaina. Ni ɗan zamanin shirin ba da ilimin firamare kyauta ne, wanda aka ƙaddamar a 1976, lokacin da aka cika kwalejojin horon malamai da samari irinmu. Da na fito aka tura ni wani ƙauye, na yi aure, na tara 'yan kuɗi na saya wa uwargida keke Butterfly baƙi, mai zanen ruwan zinari. Bayan kamar shekara guda ya fara nauyi, yana ƙara, yana tsinka zare. Ni kuwa ga ni malami mai takardar shaida, sai na ce ai wannan ƙishin mai ne. Na shiga madafa na ɗebo man gyaɗa a murfin kwalba, na bi duk wani rami da na gani na tsiyaya. Keke ya saki, uwargida ta yaba, ni ma na ji kaina ya yi girma. Da hunturu ya shigo, sai wata safiya wili ya ƙi juyawa sam, kamar an yi masa walda. Na ɗaure kan keken a bayan Raleigh ɗina na kai wa wani tsohon tela ranar kasuwa. Ya sunsuna ya dube ni ya ce, "Malam, ƙosai ka soya a ciki?" Yini guda ya yi yana jiƙa shi da kananzir yana sharewa da gashin kaza, ni kuwa ina zaune a benci kamar ɗalibin da aka tsare bayan an tashi. Ranar na gane gaskiyar masu cewa ƙaramin sani ƙuƙumi ne. Duk abin da zan faɗa muku yau, tushensa daga bencin nan ne, sauran kuwa daga shekarun da na yi ina buɗe keken uwargida duk ranar Asabar.

Ya kamata mu san irin abin da ke hannunmu. Ɗinkin da keke ke yi da zare biyu, na sama da na ƙasa suna sarƙewa a tsakiyar yadi, wani Ba'amurke mai suna Elias Howe ne ya sami takardar mallakar fasaharsa a 1846. Isaac Singer ya sami tasa a 1851, kuma kamfaninsa ne ya shigar da keke cikin gidajen talakawa, musamman da ya fito da tsarin biya kaɗan-kaɗan a 1856. Yawancin tsofaffin kekunan Singer da suka zo ƙasar nan zamanin Turawa daga masana'antarsu ta Clydebank suke, kusa da Glasgow a Sukotlan, wadda aka rufe a 1980. Baƙaƙen kekunan da muka fi sani yanzu, Butterfly na birnin Shanghai a ƙasar Sin da Usha na Indiya da ire-irensu, an ƙera su ne bisa fasalin wani samfurin Singer mai lamba 15, wanda asalinsa ke komawa ƙarshen ƙarni na 19. Wato abin da muke takawa a ɗakunanmu dabara ce da ta haura shekara ɗari, an yi ta da zubin ƙarfe, an kuma yi ta yadda mai ita zai iya buɗewa ya share da hannunsa. Irin wannan keke uwa kan bar wa 'yarta, 'yar ta bar wa jika. Idan ya mutu a shekara biyu, to da wuya laifin ya zama na maƙera.

To, daga ina wannan datti ke fitowa, alhali ɗakin a share yake, keken ma ana goge bayansa kullum? Iyayenmu mata da suka yi kaɗi sun fi ni sanin amsa. Duk wadda ta taɓa gurzar auduga ta yi shiɓa ta san yadda gashinta ke tashi ya sauka a kai da gira. Zare ba wani abu ba ne illa gajerun gashin nan da aka murɗe wuri ɗaya, yadi kuwa zare ne aka saƙa. Duk sanda allura ta huda yadi sai ta karkaɗe 'yan gashi ta tura su ƙasa. Haƙoran da ke jan yadi su ma suna kankarar cikinsa a kowane taki. Zaren sama kuma ba sau ɗaya yake ratsa kafar allura ba: marikin nan mai hawa da sauka yana sako shi yana janye shi, har guntu ɗaya ya yi kai da kawo sau gommai kafin ya zauna a cikin ɗinki, kowane wucewa kuwa yana barin ɗan abu. Zare mai araha, wanda in ka ɗaga shi a rana za ka ga gashi na tsaye a jikinsa, ya fi kowanne zubarwa. Haka nan yadin auduga, da flanel na kayan sanyi, da tawul, da sabuwar shadda mai sitaci wadda ke zubar da gari. A kan wannan sai a ƙara namu na gida, wato ƙurar hunturu, wadda ba ta neman izinin shiga ɗaki. Idan gashin yadi da ƙura da mai suka haɗu, sai su zama wani abu mai kama da ƙullun kuka, daga baya ya bushe ya yi tauri.

Ɓarnar da yake yi iri-iri ce, kuma kowace tana da alamarta. Wanda ya taru tsakanin layukan haƙora yana hana su tasowa sosai sama da faranti, sai a ga keke ba ya jan yadi, ɗinki ya yi ƙanana ya cushe wuri ɗaya, mai ɗinki ta koma ja da hannu. Jan nan da hannu shi ke lanƙwasa allura, lanƙwasasshiyar allura kuwa ita ke sarar faranti da bakin ƙoshiya. Wanda ya shiga gurbin da ƙoshiya ke kai da kawo yana shanye mai kamar lagwani, ya bar ƙarfe na gugar ƙarfe, sai keke ya yi nauyi a ƙafa, ya riƙa ƙara kamar injin niƙa. A nan ne kuma ake samun tsallaken ɗinki. Dalili shi ne, lokacin da allura ta kai ƙasa ta fara komowa, zarenta kan yi ɗan lanƙwasa a gefenta, bakin ƙoshiya kuma ya zo daidai wannan ƙiftawar ido ya ɗauke shi ya zagaya da shi bayan zaren ƙasa. Tazarar da ke tsakanin allura da bakin ƙoshiya ba ta wuce kaurin takarda ba. Idan datti ya tokare wurin, ƙoshiya ta zo ta wuce hannu wofi, ɗinki ɗaya ya faɗi ke nan.

Akwai kuma wurare biyu da mutane ba su cika tunawa da su ba. Na farko shi ne tsakanin faya-fayan nan biyu da ke matse zaren sama. Guntun zare ɗaya ya isa ya hana su haɗuwa, sai zaren ya riƙa wucewa sakaka, ka juya yadi ka tarar da ƙasansa ya yi tsumma kamar sheƙar tsuntsu. Mai ɗinki tana ganin cukurkuɗewar a ƙasa sai ta ɗauka laifin zaren ƙasa ne, ta kama murɗa ɗan notin gidan kwarkwaro, ta ɓata abin da yake daidai. Ku riƙe wannan, 'ya'yana: yawanci idan ɓarna ta bayyana a ƙasan yadi, to a fara neman dalilinta a zaren sama. Wuri na biyu shi ne ƙarƙashin ɗan siririn ƙarfen da ke jikin gidan kwarkwaro, wanda zaren ƙasa ke bi ta ƙarƙashinsa. Shi ma datti na maƙalewa a nan, ya ɗage shi, zaren ƙasa ya saki. Ɗan hakin da ka raina, in ji Hausawa, shi ke tsone maka ido.

Yanzu ga yadda ake yin aikin. Kayan da ake bukata ba su da yawa: ƙaramin buroshi mai ɗan tauri, ko tsohon buroshin haƙori da aka wanke ya bushe sarai, sukundireba gajere, tsumman auduga mai tsabta wanda ba ya zubar da gashi, tsinken sakace, man keke, da murfin kwano da za a riƙa zuba notuna. Kada a raina murfin kwanon nan. Notin faranti ƙarami ne, in ya faɗi a ɗakin da ke da yashi ko siminti mai tsaga, an yi sallama da shi. A zauna inda haske yake, a kuma sallami yara ƙanana tukuna.

Abu na farko, a hana keke motsi. In na takawa ne a zame bel daga wili, in mai lantarki ne a zare filogi daga bango, kada a dogara da cewa an ɗauke wuta, domin ba ta sallama in za ta dawo. Sai a juya wili da hannu zuwa wajenka har allura ta kai ƙololuwa, a cire ta, a cire takalmin da ke danne yadi, a zare zaren sama. Kafin a cire allura a lura da inda gefenta mai faɗi yake kallo. A baƙaƙen kekunan da muka fi yawan amfani da su yana kallon dama ne, wajen wili, zare kuma ya shiga daga hagu. Na sha ganin an share keke tas, a mayar da allura a juye, ya ƙi ɗinki, a ce sharar ce ta ɓata shi.

Daga nan a zame murfin gefe, a kama marikin gidan kwarkwaro a fito da shi. A kwance notuna biyu na faranti a ɗaga shi. Wadda ba ta taɓa buɗe wurin nan ba ta shirya ganin abin mamaki. A sa buroshi a riƙa ɗebo dattin ana fito da shi waje, wanda ya daskare tsakanin haƙora kuwa a tono shi da tsinken sakace. Ban yarda a sa allura ko bakin almakashi ba, don ƙarfe na barin zane a jikin ƙarfe, zanen nan kuwa shi zai riƙa cin zare daga baya. Sai a kwantar da kan keken baya a kan maratayansa domin cikinsa ya bayyana. Za a ga zoben da ya rufe ƙoshiya, wanda a yawancin irin waɗannan kekuna 'yan marikai biyu ne ke riƙe da shi, ɗaya hagu ɗaya dama. A ture su gefe, a cire zoben, a zaro ƙoshiya a hankali. Ita ce mafi daraja a duk cikin keken. Kada a bari ta faɗi a siminti, domin in bakinta mai tsini ya dakushe ko ya ɓantare, sai dai a sayi wata. A goge ta da tsumma, a goge zoben, a bi gurbinta da buroshi da tsumma har sai ƙarfe ya yi ƙyalli. Sau da yawa a nan ake samun guntun zaren da ya naɗe, wanda shi ne ya ƙulle keken gaba ɗaya.

Ina da gargaɗi a kan busawa. Ɗabi'armu ce in mun ga ƙura mu hura ta da baki. A keke wannan kuskure biyu ne a haɗe: numfashi na ɗauke da danshi, danshi kuwa shi ne uban tsatsa, sannan iskar tana tura dattin can ciki inda buroshi ba ya kaiwa. Na ji ma akwai masu kai kan keke wurin mai faci ya busa masa iskar taya. A tsohon keke mai buɗaɗɗen ciki ɓarnar da sauƙi, amma a sababbin nan masu jikin roba, waɗanda cikinsu a rufe yake, cusa dattin kawai ake yi a cikin giya da mota. Datti fito da shi ake yi, a gan shi a tafin hannu, a zubar.

Gidan kwarkwaro ma a share cikinsa, sannan a zura gefen 'yar takarda mai ƙarfi ko silin zare ta ƙarƙashin siririn ƙarfen nan a ja, ba tare da an taɓa notinsa ba. Faya-fayan zaren sama kuwa, a ɗaga marikin takalmi tukuna, domin ɗaga shi ne ke buɗe su, sai a ninka tsumma busasshe a zura tsakaninsu a yi ta ja gaba da baya. Wurin nan ba ya son mai ko ɗigo ɗaya. Haka bel, haka robar da ke juya abin naɗa kwarkwaro.

Mu zo kan mai, inda na taɓa faɗuwa jarrabawa. Man keke fari ne garau kamar ruwa, marar kauri, an tace shi daga man ƙasa, kuma duk mai sayar da zare da allura yana da shi. Man gyaɗa da manja da man kaɗe na ciki ne da na jiki. In suka daɗe a iska sukan yi yauƙi, su zama danƙo, su kama duk gashin da ya wuce. Baƙin man mota kuma ya yi kauri da yawa, ga shi yana ɓata yadi. Ko man keken ma in ya tsufa ya koma ruwan ɗorawa a kwalba, a rabu da shi. Yawan da ake sawa ɗigo ɗaya ne a gurbin ƙoshiya, ɗigo ɗaya a kowane ramin mai da ke saman keke, ɗigo ɗaya a sandar allura da duk inda ƙarfe ke motsi a kan ƙarfe idan an juya wili. Masu tsiyaya mai kamar ana miya, su sani rarar ba ta zuwa ko'ina sai jikin farar shaddar mutane. Kuma a kiyaye tsari: shara tukuna, sannan mai. Wanda ya zuba mai a kan datti kwaɓa ya yi. Idan keke ya riga ya daskare da tsohon mai, kamar yadda na yi wa na uwargida, a ɗiga kananzir a gaɓoɓinsa, a bar shi ya jiƙa, a yi ta juya wili ana gogewa, in ya saki a bi da man keke, domin kananzir wanki yake yi, ba ya zama madadin mai. Masu sababbin kekunan lantarki kuwa su duba ɗan littafin da ya zo da keken, don akwai waɗanda masu ƙera su suka hana a sa musu mai a gida.

Wajen mayarwa a bi sawun da aka fito. Da allurar sandar a sama, za a ga ƙarfen da ke tura ƙoshiya ya tsaya a gefe ɗaya kamar rabin wata. A sa ƙoshiya a ɗaya gefen, su biyun su cika da'ira, a mayar da zobe ya zauna daram, a rufe marikai. In abu ya ƙi shiga, to ba a daidaita shi ba ne, kada a sa ƙarfi, kada kuma a nemo guduma. A ɗaura faranti, a sa allura, in ta daɗe a sa sabuwa. Lamba 14 ta wadatar ga atamfa da yadi marar kauri, 16 ga shadda da kakin 'yan makaranta, 18 ga mai kauri sosai. A juya wili da hannu sau da yawa a saurara, in babu inda ke bugawa sai a mayar da bel. Daga nan a ɗauki ƙyallen da ba a so a yi ta ɗinki a kansa har sai zare ya fito babu alamar mai. Duk aikin nan, in hannu ya saba, bai kai tsawon dahuwar shinkafa ba.

Sau nawa za a yi? A ganina, wadda ke ɗinki kullum ta sa buroshi a wajen ƙoshiya duk yamma in ta tashi, ta ɗiga mai a gurbinta, sannan ta ware rana ɗaya a mako ta buɗe faranti. Wadda ke ɗinki jefi-jefi ta yi duk sanda ta gama kaya kala biyu ko uku. Lokacin da ya fi haɗari shi ne watan azumi da makonnin komawa makaranta, sanda aiki ya fi yawa, domin a nan ne keke ke haɗiye datti mafi yawa, a nan ne kuma mai shi ke cewa ba ta da lokacin shara. Ciwon da ya kwantar da keken baiwar Allah da na ambata tun farko tun watan Sha'aban yake ba ta sanarwa, da nauyi da ƙara, ba wanda ya koya mata jin yarensa. In an gama aiki kuma a rufe keke. Akwatinsa in yana nan, in babu a ɗinka masa riga da ragowar atamfa. Da damina a kula kada a jingina shi da bango mai danshi, a kuma sa ɗan ƙyalle ƙarƙashin takalmi a sauke shi a kai.

Ba na cewa kowane ciwo buroshi ke maganinsa. Idan an share, an sa mai, an canja allura, an sake zura zare daidai, amma har yanzu allura na bugun ƙoshiya ko ɗinki na tsallake, to lokacin allura da na ƙoshiya ne suka saɓa, ko wani ƙarfe ya cinye. Wannan aikin mai gyara ne, a kai masa, kada a kama kwance notunan da ba a san aikinsu ba. Amma a je masa da keke a share. Akwai masu gyara na kirki, akwai kuma wanda zai shige da keke bayan shago, ya yi abin da tela ya yi a kan tabarma cikin minti goma, ya fito ya ce ya canja kaya.

Ina da magana da maza kuma. Da yawanmu mun sayi keke mun sa a ɗakin amarya ko na 'ya, muka ɗauka mun gama. Wanda ke wanke babur ɗinsa duk safiya, yana canja masa mai a kan kari, bai taɓa tambaya ko akwai man keke a gidansa ba, alhali daga keken nan ake sayen sabulu da littattafan yara, har wani lokaci a ranta masa kuɗin man babur ɗin. In za ka kasuwa, Alhaji, ka sayo kwalba ɗaya da fakitin allura.

Roƙona ga shugabanni guda biyu ne. Na ɗaya, duk keken da za a miƙa yau da nan gaba a haɗa shi da buroshi da sukundireba da kwalbar mai, an kuwa gaya mini kuɗinsu duka bai kai na yadi ɗaya na shadda ba. Na biyu, kada a ba ɗaliba takardar shaida sai ta kwance faranti da ƙoshiya ta share ta mayar a gaban malamarta, kamar yadda ba a ba mu tamu ba sai da muka tsaya gaban aji mai duba mu na zaune a baya. Malama ta amince da wannan, har ta kawo keke ɗaya da ba a buɗe shi ba tun bara. Yana can a baranda a kan tebur. In an tashi daga cin abinci, ni da ita za mu buɗe shi a gaban duk mai son gani, ɗaliban bana su matso gaba. Waɗanda kuma nasu ke jingine a gida, su kawo kawunan nan makarantar firamare ranar Asabar mai zuwa da hantsi, kowace da tsummanta da murfin kwano.